Firgitar jinjiri da sauran maganganun da ake yi a Nukkai

A Nukkai, kamar sauran unguwannin Jalingo, da wuya a yi zaman barka a tashi ba a taɓo wannan magana ba. Ƙofa ta bugu, ko babur ya wuce da ƙara, sai jinjiri ya watsa hannuwa, ya buɗe yatsu, ya dawo da su ƙirji, ya tsala kuka. Nan take fassara ta fara. Goggo ta ce ya ga abin da manya ba sa gani, maƙwabciya ta ce bakin mutane ne, wata ta ce a nemo garwashi a yi masa hayaƙi.

Ba iska ba ce, ba kambun baka ba ne. Kowane lafiyayyen jariri da wannan firgita ake haihuwarsa, ko a Nukkai ko a Makka. Wani likitan yara ɗan ƙasar Ostiriya, Ernst Moro, shi ya bayyana ta a 1918, har yau kuma da sunansa ake kiranta a asibiti. Daga gindin ƙwaƙwalwa take fitowa, wurin da ta haɗu da laka, ba daga sashen da ke tunani da niyya ba. Da saman ƙwaƙwalwar ya ƙara ƙwari sai ya danne ta, ta ɓace tsakanin wata 4 zuwa 6. Saboda haka duk abin da aka yi wa yaro a wata na biyu, a wata na biyar za a ce ya yi aiki. Addu'a ba ta cutar da kowa. Hayaƙi a rufaffen ɗaki da jiƙe-jiƙen da ake ɗura wa jinjiri kuwa suna cutarwa, huhunsa da hantarsa ba su kai ɗaukarsu ba.

Amma tsoron tsofaffi bai rasa tushe ba. Akwai fizgar da take cuta ce. Firgitar lafiya tana da dalili, ƙara ko sakin kai, ta zo sau ɗaya ta wuce. Wadda ke zuwa a jere, yaro ya dunƙule ya saki, ya dunƙule ya saki, musamman da tashinsa daga barci, tsakanin wata 3 zuwa shekara, tana iya zama irin farfaɗiyar jarirai da likita William West ya bayyana a Ingila a 1841, a jikin ɗansa na cikinsa. Ita jinkiri ke ɓata ta. Karkarwar hannu ko ƙafa a kwanakin farko ma tana da gwaji mai sauƙi: a riƙe gaɓar a hankali. In ta tsaya, yawanci ba komai. In tana ci gaba da bugawa a cikin hannun mai riƙon, jijjiga ce, sai asibiti.

Abin da ya fi cancanta a ji wa tsoro shi ne wanda ba a cika kula da shi ba: jaririn da ba ya firgita sam, ko wanda hannu ɗaya ke tashi ɗayan na kwance. Na farko ana yaba masa haƙuri. Na biyu ana cewa kwanciyar ciki ce, a kai shi wurin mai ɗori ya ja. Alhali bayan naƙuda mai wuya, hannun da ba ya tashi yana iya nuna karayar ƙashin wuya ko rauni a jijiyoyin kafaɗa, ja kuwa ƙara ɓarna yake yi. Yawancin irin waɗannan yara suna samun sauƙi idan aka fara gashi da motsa gaɓa da wuri.

Sai maganar tafiya. A riƙe ɗan sati biyu ta hammata, tafin ƙafarsa ya taɓa tabarma, sai ya ɗaga ƙafa ɗaya ya ajiye, ya ɗaga ɗayar. Baba ya yi murmushi ya ce wannan kafin wata bakwai zai taka. Ba alamar komai ba ce. Shi ma motsin haihuwa ne, wanda jariri ke zuwa da shi duniya kamar firgitar, wajen wata 2 yake ɓacewa, daga nan kuma a shiga zargin cewa an yi wa yaro baki. Wata mai bincike a Amurka, Esther Thelen, ta nuna a shekarun 1980 cewa in aka tsoma irin wannan yaro a ruwa zuwa ƙirji takun yana dawowa: ƙafafun ne suka yi ƙiba, ƙarfin tsoka bai kamo nauyinsu ba tukuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi yara a Gana, Indiya, Norwe, Oman da Amurka, ta fitar da sakamako a 2006. Lafiyayyun yara suna zama da kansu daga wajen wata 4 zuwa 9, suna tafiya su kaɗai daga wata 8 zuwa kusan 18. Kusan 4 cikin 100 ba su yi rarrafe ba ma, suka tashi suka taka. Ɗan kishiya ya riga naki da wata uku ba hujja ba ce.

Keken koyon tafiya da ake saya da tsada ba ya sa yaro saurin tafiya kamar yadda ake zato, sai dai ya kai yaro bakin murhu ko rijiya. Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004. Goyo kuwa, wanda wasu 'yan boko ke cewa yana lanƙwasa ƙafa, ba shi da laifi. Yaron da ke bayan uwarsa tana kai da kawo yana aikin riƙe wuya da gyara zama duk wuni.

Akwai wata magana da ke jawo asara a ɓoye. A taɓa kumatun jinjiri, ya juyo da baki yana neman abin tsotsa. Sai a ce nono bai ishe shi ba, a kawo ruwa, ga zafin Jalingo a watan Maris. Juyowar nan ko ya ƙoshi yana iya yin ta, har zuwa wajen wata 4. Nono zalla ya isa har wata 6, ruwan da yake buƙata yana ciki.

Wadda ta fi damuna ita ce ta bahago. Uwa ta lura ɗan wata shida da hagu kaɗai yake miƙa hannu, sai a hau gyara, ana buge hannun. Yaro ba ya zaɓar hannu kafin ya shekara. In ya zaɓa, tambayar ita ce me ya sami ɗaya hannun. Haka damƙar da jinjiri ke yi wa yatsan babba: daidai ce a farko, amma hannun da ke dunƙule kullum bayan wata 4, babban yatsa a ciki, ko jikin da ke sandarewa in an ɗauka, ko wuyan da ke lilo, alamu ne na rauni a ƙwaƙwalwa. Irin yaran nan ne a ƙasar Hausa ake kira 'yan ruwa, a ce aljanu sun musanya su. Mutane ne, 'ya'yan iyayensu. A Najeriya manyan musabbaban wannan rauni su ne rashin numfashi a lokacin haihuwa, sanƙarau, da shawarar jarirai mai tsanani, wadda ake raina ta, a shanya yaro a hantsi ana jiran ta wuce. Ƙwallayen kafur da ake sawa a akwatin kayan jariri suna iya tayar da ita ga yaran da aka haifa da wani rauni a jini. Idon jinjiri ya yi rawaya, ya ƙi kama nono, ranar nan ake tafiya asibiti.

Yayin da motsin haihuwa ke janyewa, wasu ne ke maye gurbinsu, su kuwa ba sa tafiya har tsufa. Wuya ya tsaya wajen wata 4. Wajen wata 6, in yaro na zaune aka karkata shi gefe, zai kafa hannu ya tokare. Daga nan zuwa wata 9, in aka riƙe shi aka sunkuyar da shi gaba, zai miƙa hannu biyu ya tare ƙasa. Sai wannan ya samu tafiya ke biyowa, domin jiki ba ya sakin kansa ya taka kafin ya iya kare fuska.

Ba sai an ware rana ta musamman don duba waɗannan ba. Ranakun rigakafi, sati 6, 10, 14 da wata 9, sun faɗo kusa da waɗannan matakai. Uwa ta ce wa ma'aikaciya, "Malama, don Allah duba min wuyansa da hannuwansa," ba ya cin minti biyu. In bakwaini ne, a cire satuttukan da ya rage a ciki kafin a yi lissafi. In kuma an ga abin shakka, a nemi takardar turawa zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na jiha, duka a nan cikin Jalingo. In uwa ta ga fizgar a gida, ta ɗauka a waya ta nuna wa likita, don ba lalle yaro ya maimaita ta a gabansa ba.