"Ƙarfe Nawa Kika Gan Ta Lafiya?"

'Yan'uwana mata, wannan karon ku yi haƙuri, ba labarin soyayya na zo muku da shi ba. Labarin Gwaggona ne, yayar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun ina 'yar aji uku a firamare.

Ranar wata Talata da sassafe ina shirin fita, tana zaune kan tabarma tana shan koko, sai na ji kofi ya faɗi. Na juyo na ga bakinta ya karkace gefe guda, hannun dama ya saki. Na ce, "Gwaggo, lafiya?" Ta buɗe baki, magana ta ƙi fita. Kafin kiftawar ido gida ya cika da mata. Wannan ta ce iska ce, waccan ta kawo hayaƙi, wata na ɗura mata ruwa. Sai bayan La'asar Kawu ya dawo aka nemo mota.

A asibiti likita bai tambayi komai ba sai, "Ƙarfe nawa kika gan ta lafiya na ƙarshe?" Na ce bakwai saura kwata. Ya dubi agogo, ya yi shiru. Wallahi shirun nan har yau yana cina, shi ya sa na bi diddigin maganar.

Ashe shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce. Ko jijiyar jini ta fashe a ƙwaƙwalwa, ko kuma gudan jini ya toshe ta, kuma toshewar ta fi yawa. Ido ba ya rabe su, sai an ɗauki hoton kai da na'urar siti-sikan. Don haka kada ki ba mai wannan lalura asfirin a gida, in fashewa ce kin ƙara masa. Ruwa da abinci ma a dakata, don yana iya shaƙewa.

Ki ɗauki kwatar tsakar gidanku in ta toshe. Ko ki zuba ruwan zafi da omo ya narkar da maiƙon, ko ki zura ƙarfe ki zaƙulo tsummar da ta tare. Likitoci ma dabara biyu gare su.

Ta farko allura ce mai narkar da gudan jini, sunanta altefiles. An amince da ita a Amurka a 1996, da sharaɗin a yi ta cikin awa 3, daga baya binciken 2008 a Turai ya ja wa'adin zuwa awa 4 da rabi. Tana da nata haɗarin: a gwajin da aka buga a 1995, kusan mutum 6 cikin 100 sun sami zubar jini a ƙwaƙwalwa. Kuma in gudan babba ne, ya tare babbar jijiya, sau da yawa allurar ba ta iya cinye shi.

Nan ta biyun ke shigowa. Likita zai zura siririn bututu ta jijiyar matsematsi ko ta wuyan hannu, yana kallon hoto, har ya kai ƙwaƙwalwa. Sai ya buɗe wata 'yar ragar ƙarfe ta cafke gudan a janyo shi, ko a zuƙe shi. Ikon Allah! Binciken da aka yi a Holan kan majinyata 500, wanda ya fito farkon 2015, shi ya fara tabbatar da amfanin aikin, kuma yawancinsu an riga an yi musu allurar. A 2018 aka gano wasu zaɓaɓɓun majinyata na amfana har zuwa awa 24, in hoto ya nuna akwai sauran ƙwaƙwalwar da za a ceto.

To, tunda za a zaƙulo, mene ne na allura? Likitocin ma sun yi wannan musu. A 2020 gwajin ƙasar Sin kan mutum 656 ya nuna zaƙulowa kaɗai ba ta gaza ba, amma na Turai da suka biyo baya ba su tabbatar da hakan ba. Da aka haɗa gwaje-gwaje 6 a 2023, ba a sami hujjar yar da allurar ba. Saboda haka wanda ya iso cikin lokaci kuma ya cancanta, a yi masa allura, a wuce da shi ɗakin aiki ba tare da an tsaya jiran a ga ko ta ci ba. Ni dai abin ya kwanta mini: allurar na fara aiki tun ana hanya, tana kuma bin ƙananan jijiyoyin da bututu ba ya kaiwa. Akwai ma ƙanwarta, tenektefiles, wadda ake yi lokaci guda maimakon ƙarin ruwa na awa ɗaya.

Na san za ki ce, "A ina za mu sami wannan?" Gaskiyarki. A ƙasarmu wuraren da ke aikin bututun kaɗan ne ƙwarai, ga tsada. Amma ko babu shi, zuwa da wuri na ba likita damar ɗaukar hoto, ya lura da hawan jini da suga da numfashi. Wani likitan Amurka ya ƙiyasta a 2006 cewa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 2 ke mutuwa kowane minti in babbar jijiya ta toshe. Mu kuwa awa tara muka yi muna hayaƙi.

In kin ga baki ya karkace, hannu ko ƙafa sun saki, ko magana ta harɗe, dubi agogo tukuna, ki riƙe lokacin a ranki, ki nemo mota zuwa babban asibiti mai na'urar hoton kai. Addu'a a cikin mota ma ana yin ta. In manya sun ce a dakata, ki durƙusa ki roƙe su.

Gwaggo tana nan da ranta, alhamdu lillahi, tana takawa da sanda. Sunana ne dai har yanzu bai zauna a bakinta ba, sai ta kama hannuna da na hagu ta matse.