Gidan ƙasa da cikin mutum

In kun je Damagaram, ku shiga unguwar Birni ku dubi gidaje. Magina sun kwaɓa laka, sun fidda zanen dagi da hannu bisa ƙofar zaure. Wannan ita ce fuskar gida, abin da maigida yake so a gani.

Amma baƙo namiji iyakarsa zaure. Daga nan hanya sai ta karkace, don kada ido ya kai cikin gida. Mutum ma haka yake. Kun lura kalmar guda ce? Muna cewa cikin gida, muna cewa farin ciki, baƙin ciki, zurfin ciki.

Ruwan damina yana cin zanen nan. In akwai shi a bangonku, ku kira magini ya yaɓe tun da rani.