FASHIN BAƘI: Yadda mai jiki zai zaɓi allonsa na farko na hawan igiyar teku

Nauyina kilo 104 ne ranar da na fara kwanciya a kan allon hawan igiyar ruwa a gaɓar Tarkwa Bay da ke Legas. Allon da aka ba ni haya bai kai ƙafa bakwai ba, siriri ne mai tsinin baki, irin wanda ake gani a hotunan gasa. Ina hawa ya nutse har ruwa ya rufe mini gadon baya. Na shafe fiye da sa'a guda ina tuƙi da hannu, igiyoyin na zuwa suna wucewa ta ƙarƙashina, yara 'yan shekara goma kuwa na gilmawa a tsaye ta gefena. Na fito a gajiye tilis, na yanke hukuncin cewa wannan wasa ba na masu jiki ba ne.

Mako biyu bayan haka na koma, aka ba ni allo mai ƙafa goma, kuma kafin la'asar na miƙe tsaye. Ban rage ko kilo ɗaya ba a tsakani. Abin da ya sauya shi ne allon.

Matasan Arewa da karatu ko aiki ko hidimar ƙasa ke kaiwa Legas, da 'yan uwanmu na zango-zangon Accra da Takoradi, na zaune kusa da gaɓar da ake wannan wasa. Duk wanda ya yi sha'awarsa alhali yana da jiki, kuskuren zaɓin allo zai iya cinye masa kuɗi mai yawa, ya ji masa ciwo, ya kuma kore shi daga ruwan tun bai fara ba. Ga abin da ya kamata ya sani.

Me ya sa ƙananan alluna suka cika ido?

Asalin allon ba ƙarami ba ne. A tsibiran Hawai, inda wasan ya bunƙasa tun kafin zuwan Turawa, sarakuna ne ke hawa dogon allon katako da ake kira olo, wanda kan haura mita huɗu, talakawa kuma su hau gajeren da ake kira alaia. Duke Kahanamoku, ɗan Hawai da ya ci zinare a ninƙaya a gasar Olamfik ta 1912, wanda kuma ya yaɗa wasan zuwa Ostareliya da gaɓar Amurka, ƙaƙƙarfan mutum ne da ya shahara da allon katako mai ƙafa 16. Ko matasan Amurka da suka hau igiyoyin Senegal da Ghana da Najeriya a fim ɗin The Endless Summer, wanda ya karaɗe duniya a 1966, dogayen alluna suka zo da su.

A ƙarshen shekarun 1960 ne masu sassaƙa allo a Ostareliya da Hawai suka fara datse tsawonsa domin gwanaye su riƙa juyi da sauri a jikin igiya. Daga nan gasa da talla suka raja'a a kan gajeren allo. Lokacin da wasan ya shiga Olamfik a gasar Tokyo da aka yi a 2021, da kuma ta Paris a 2024, gajeren allo kaɗai aka fafata da shi. Wannan hoton ne mai koyo ke shiga kasuwa da shi a ka. Sai dai allon an ƙera shi ne domin ɗan wasa marar nauyi da ya shekara goma ko fiye a cikin ruwa.

Lita ce ma'aunin farko

A jikin yawancin allunan zamani akwai lambobi huɗu: tsawo da ƙafa, faɗi da kauri da inci, sai ta huɗu wadda ke ƙarewa da harafin L. Wannan ta ƙarshen ita ce girman jikin allon baki ɗaya da ma'aunin lita, wato yawan ruwan da zai ture idan aka danna shi ya nutse. Ita ce lamba mafi muhimmanci ga mai jiki.

Lissafin ba shi da wuya. Lita ɗaya ta ruwan teku nauyinta kilo ɗaya ne da ɗan ɗoriya, kuma duk abin da aka saka a ruwa, ruwan na tallafe shi da ƙarfi daidai da nauyin ruwan da ya ture. Saboda haka allo mai lita 30, bayan an cire nauyin kansa, abin da zai iya ɗauka bai wuce kilo 28 ba. Mai lita 86 kuwa zai tallafi kilo 80 da 'yan kai.

To ta yaya gwani mai kilo 80 ke hawa allo mai lita 30? Amsar ita ce gudu. Da zarar allo ya fara zamewa da sauri, ruwan da ke bugun ƙasansa ne ke ɗaga shi, kamar yadda faffaɗan dutse ke tsalle a kan tafki idan an wurga shi da ƙarfi. Gwani ya san inda igiya za ta tashi, yana da ƙarfin kafaɗa, yana kuma miƙewa cikin ƙiftawar ido. Mai koyo ba shi da ko ɗaya daga cikin ukun, don haka dole allon ya biya masa wannan giɓi.

Igiyar da ta iso inda zurfin ruwa ya kai mita biyu tana tafiyar kimanin kilomita 16 a sa'a guda. Hannun mutum ba ya kai wannan gudu. Abin da ake buƙata shi ne allon ya kasance yana tafiya sosai kafin ta iso, gangarenta kuma ya ƙarasa sauran aikin. Idan rabin jikinka na cikin ruwa, jan jikin kawai kake yi, igiyar kuma ta wuce. Binciken da aka yi ta hanyar bibiyar masu wasan ya nuna cewa kusan rabin lokacinsu a ruwa na tafiya ne a tuƙi da hannu, wani babban kaso a jira, tsayuwa a kan igiya kuwa ba ta kai kashi 10 cikin 100 ba. Wato allon da ya sauƙaƙa tuƙi shi ne ya sauƙaƙa wasan.

Ƙa'idar da masu koyarwa suka saba bi ita ce lita ɗaya ga kowane kilo ɗaya na nauyin mai koyo, gwanaye kuma su sauka zuwa wajen kashi 35 zuwa 40 cikin 100 na nauyinsu. Ba doka ba ce, ma'aunin farawa ne. A bisa wannan:

Mai kilo 85 zuwa 95 ya nemi lita 85 zuwa 95, tsawo ƙafa takwas zuwa tara.

Mai kilo 100 zuwa 115 ya nemi lita 100 ko fiye, tsawo ƙafa tara zuwa goma.

Wanda ya kai kilo 120 ko ya zarce ya duba ƙafa goma zuwa goma sha ɗaya, kada kuma ya ji kunyar fara koyo a kan faffaɗan allon nan da ake tuƙawa a tsaye da filafili.

Idan shekaru sun fara ja, ko an daɗe ba a motsa jiki ba, a ƙara lita, kada a rage.

Tsawo kaɗai yana yaudara

Alluna biyu masu ƙafa tara na iya bambanta da lita talatin. Siriri mai tauri na iya tsayawa a wajen lita 70, mai kauri na soso ya doshi 100. Don haka kada mai sayarwa ya rufe maka baki da tsawo.

Faɗi shi ke hana tangaɗi. Ga mai faɗin ƙirji, inci 23 zuwa 25 ne daidai. Ƙasa da haka, allon zai riƙa jirkicewa duk lokacin da ya dafa zai tashi. Kauri kuma ya kama daga inci uku da rabi zuwa huɗu, ya kuma bazu har baki da wutsiya, ba a tsakiya kaɗai ba. Baki ya zama mai zagaye, ba mai tsini ba.

Sai lanƙwasa. Idan aka ajiye allo a ƙasa aka dube shi ta gefe, za a ga bakinsa da wutsiyarsa sun ɗan ɗaga. Wanda ya gantsare kamar ayaba na manyan igiyoyi ne masu tsayi, kuma yana ture ruwa a gabansa yana rage gudu. Wanda ya miƙe sumul yana gudu, amma bakinsa na saurin cakewa a ruwa, musamman a ƙarƙashin mai nauyi. Matsakaici ake so.

Na soso ko mai tauri?

Allon koyo da ya fi yawa a duniya shi ne wanda aka lulluɓe samansa da soso mai laushi, filafilansa na ƙasa kuma na roba. Amfaninsa a fili yake: a makonnin farko allon zai bugi kanka da haƙarƙarinka, zai kuma iya bugun wani. Gara soso da abu mai tauri.

Amma a nan akwai tarko ga mai jiki. Shahararren allon Wavestorm mai ƙafa takwas, wanda ɗimbin masu koyo a Amurka suka fara da shi, litarsa 86 ce, nauyin da aka ƙayyade masa kuma wajen kilo 90 ne. Wanda ya haura haka zai ji yana lanƙwashewa a tsakiya, kuma allon da ke lanƙwashewa yana rasa gudu, daga bisani ya karye. A tambayi sanduna nawa aka dasa a cikinsa, domin su ne ƙashin bayansa. Biyu ko uku sun fi ɗaya. Mafi inganci ga mai nauyi shi ne wanda cikinsa ke da tauri, aka yi masa rufin soso a sama. Ya fi tsada, ya kuma fi daɗewa.

Maɗaurin da ke haɗa allo da idon sawu shi ma ba abin sakaci ba ne. Tsawonsa ya yi daidai da na allon, kaurinsa kada ya gaza milimita bakwai. Babban allo na fizga da ƙarfi, kuma idan maɗaurin ya tsinke, ka rabu da abin da ke tallafe da kai a tsakiyar ruwa.

Kafin a fitar da kuɗi

Kusan duk allunan da ake gani a gaɓar Najeriya shigo da su ake yi, farashinsu kuma da dala yake tafiya. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 har ta haura 1,500 a 2024. Ga kuɗin dako: kamfanonin jiragen sama na cajin dogon allo daban, wasu ma ba sa karɓar wanda ya wuce wani tsawo. Kuskure a nan ba ƙaramar asara ba ce.

Shawarar ita ce a yi haya sau biyar ko goma tukuna, ana sauya girma, ana rubuta litar kowanne. Gwajin mai sauƙi ne: ka kwanta a kan allon a ruwa mai natsuwa. Idan ƙirjinka na sama, bakin allon ya ɗan ɗago, ƙafafunka ba su nutse ba, ka kusa dacewa.

Wanda zai sayi na hannu ya ɗaga shi tukuna. Nauyin da ya wuce kima alama ce ta ya sha ruwa. Ya bi jikinsa da yatsa yana dannawa, ya nemi inda ya yi taushi ko fatarsa ta ɗaye. Ya duba ko akwai layin da ya ratsa shi a kwance daga gefe zuwa gefe, domin wannan karaya ce da ke jiran rana. Ya girgiza mazaunin filafilan. Araha ba ta ado.

Babban allo ma yana da nasa nauyin. Ɗaukarsa wahala ne, ba a iya nutsawa da shi ta ƙarƙashin igiya kamar yadda gwanaye ke yi, kuma idan ya kuɓuce cikin jama'a barazana ne. Ƙa'ida biyu ba a karya su: kada ka bar allon tsakaninka da igiyar da ke tahowa, kada kuma ka sake shi alhali akwai mutum a bayanka.

Gaɓar ma tana da masu ita

Gwaji kafin saye na buƙatar wurin gwaji. Najeriya na da gaɓar teku mai tsawon kimanin kilomita 853, amma wuraren da mai koyo zai shiga lafiya kaɗan ne. Tarkwa Bay ta yi fice ne saboda katangun duwatsun da aka gina a mashigar tashar jiragen ruwan Legas a farkon ƙarni na 20 suna rage wa igiyoyinta ƙarfi. A jirgin ruwa ake zuwa. A Ghana akwai Busua kusa da Takoradi da Kokrobite kusa da Accra, a Senegal kuma gaɓar Dakar.

A Janairun 2020 sojojin ruwa suka tashi dubban mazauna Tarkwa Bay, bisa zargin fasa bututun mai, matakin da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan'adam suka yi tir da shi. Daga cikin wannan al'umma ne matasan da ke koyar da wasan suka fito. A Afrilun 2024 kuma aka rushe gine-ginen gaɓar Landmark domin titin Legas zuwa Kalaba, yayin da yawancin gaɓoɓin shaƙatawa na birnin sai an biya ake shiga. Wanda ya biya ɗan unguwa kuɗin haya da na darasi, yana taimakawa wajen raya wurin da shi kansa zai koya.

Wasan kuma ba baƙo ba ne a wannan yanki. Masanin tarihi Kevin Dawson ya nuna cewa tun a shekarun 1640 wani Bajamushe ya rubuta labarin yara da ke shiga teku a kan katako a gaɓar da a yau ake kira Ghana.

Allo ba ya maye gurbin iyo

Komai yawan litarsa, allo ba rigar ceto ba ne. Wanda ya koyi iyo a kududdufi ko a kogi ya sani cewa teku daban ne. Gaɓar Afirka ta Yamma ta yi ƙaurin suna wajen ruwa mai ja, wato wata siririyar hanya da ruwan da igiyoyi suka tara a baki ke bi ya koma ciki da ƙarfi. Idan ya kama ka, kada ka yi kokawa da shi. Ka riƙe allonka, ka tuƙa a gicciye, kana bin tsawon gaɓa, har ka fita daga cikinsa. Wanda bai iya iyo ba, ya fara da wannan. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya ga likita tukuna. Kada kowa ya shiga shi kaɗai.

Bayan wata shida ko shekara, idan kana kama igiya da kanka kana juyawa dama da hagu, kana iya rage lita goma ko goma sha biyar. Kana kuma iya ƙin ragewa, domin akwai gwanayen da suka ƙare rayuwarsu a kan dogon allo. Girman kai rawanin tsiya ne, in ji Hausawa. Kafin ka tambayi farashi, ka hau sikeli, ka rubuta lambar da ya nuna, ka nemi allon da litarsa ta kai ta.