Allurar Sagar da Jijiya: Tare Raɗaɗi Tun Bai Kai Ƙwaƙwalwa Ba

Tun da aka fara tsaga jikin ɗan Adam da nufin magani, babbar mas'alar da ta sha kan masana ilmin ɗibbu, daga Ibn Sina wanda ya ambaci afyun cikin magungunan kashe ji a littafinsa Al-Ƙanun, har zuwa likitocin Turai na ƙarni na 19, ita ce yadda za a sa wa mai rai wuƙa ba tare da azabar ta halaka shi ko ta gusar masa da hankali ba. A shekarar 1846, a wani asibiti na birnin Boston ta Amurka, aka nuna wa duniya cewa in mutum ya shaƙi tururin sinadarin eta sai ya yi barci mai nauyi har a gama aiki bai sani ba, daga nan kuwa galibin mutane suka ɗauka cewa tiyata da barci tagwaye ne. Alhali akwai wata hanya ta biyu, wadda ta fi wancan dabara ko da yake ba ta kai ta suna ba, watau a bar majinyaci da hankalinsa, a sagar da gaɓar da za a yi wa aiki ita kaɗai.

Ciwo dai saƙo ne. In wuƙa ta taɓa fata, ba a wurin ake jin zafin ba, sai jijiyar ji ta ɗauki labari ta kai laka, laka ta miƙa shi ga ƙwaƙwalwa, sa'an nan mutum ya ce wayyo. Mai sa barci ya yi kamar wanda ya kwantar da sarki domin kada ya ji ƙara, mai sagar da jijiya kuwa ya bar sarki zaune a fada, ya je ya tsare manzo a hanya. Saƙon nan da ƙarfin lantarki yake tafiya, lantarkin kuma yana samuwa ne sa'ad da sinadarin sodiyam ya kutsa cikin jijiya ta waɗansu ƙofofi ƙanana ƙwarai, to maganin da ake tsirawa a gefen jijiyar aikinsa ke nan ya toshe waɗannan ƙofofi na ɗan lokaci. Galibi jin zafi da jin sanyi su ke fara ɗaukewa, sai jin taɓawa, daga bisani motsi, saboda haka ne majinyaci kan ce yana jin ana taɓa shi ana ja, amma ba ya jin ciwo, kuma gaskiya ya faɗa.

Asalin wannan ilmi daga ganyen koka yake, wanda mutanen duwatsun Peru da Bolibiya suka daɗe suna tauna. A 1860 wani Bajamushe, Albert Niemann, ya tace hodar kokein daga ganyen, ya kuma lura tana kashe harshe, amma sai a 1884 wani matashin likita a Biyana, Karl Koller, ya ɗiga ruwanta a ido ya tabbatar cewa ana iya yi wa ido aiki mai shi yana farke. Kafin shekarar ta fita, William Halsted da abokin aikinsa Richard Hall a birnin New York suka ɗauki allura suka kai maganin gindin jijiya, suka ga duk yankin da jijiyar ke mulki ya mutu, har da jijiyar muƙamuƙi wadda likitocin haƙori ke sagarwa yau. A jikinsu suka yi jarrabawar, kuma sun biya farashinta, gama dukansu biyu sun kamu da jarabar kokein, Halsted kuwa, da ya nemi rabuwa da ita ta hanyar mofin, sai ya faɗa hannun mofin ɗin har ƙarshen rayuwarsa, ko da yake hakan bai hana shi zama babban malamin fiɗa a asibitin Johns Hopkins ba.

Labarin da ya fi ba da mamaki shi ne na August Bier, likitan fiɗa a Kiel ta Jamus, wanda a watan Agusta na 1898 ya fara zuba kokein cikin ruwan da ke kewaye da laka. Da ya ga marasa lafiyarsa suna fama da ciwon kai da amai bayan aiki, sai ya ce shi ma a yi masa domin ya ɗanɗana, amma da mataimakinsa August Hildebrandt ya soka masa allura a baya, sai sirinji ya ƙi zama a bakin allurar, ruwan laka ya yi ta zuba, maganin ya salwanta. Suka sake, Bier ya yi wa Hildebrandt, da ƙafafunsa suka sage ya shiga gwada shi, ya soke shi da allura a cinya, ya ɗana masa wutar sigari, ya buga masa guduma a ƙwauri, shi kuwa bai ji kome ba. Kashegari jiki ya gaya musu, Bier ya kwanta kwana tara da ciwon kan da ke tsananta in ya miƙe. Wannan ita ce allurar ƙashin baya da ake yi wa matanmu in za a ciro jariri, wadda ke barin uwa a farke ta ji kukan ɗanta na fari.

Sauran tarihin na neman magani ne mai aikin kokein ba tare da sharrinta ba: Alfred Einhorn ya haɗa prokein a farkon ƙarni na 20, Nils Löfgren da Bengt Lundqvist suka samar da lidokein a Suwidin a 1943, bufibakein mai daɗewa a jiki ya biyo baya a 1957.

Wahalar da ta rage ita ce gano jijiyar, domin tana kwance ƙarƙashin nama, sau da yawa maƙale da jijiyar jini. A da likita kan laluba da allura har majinyaci ya ce ya ji wani abu ya tsarga masa zuwa yatsu, daga baya aka samu na'urar da ke aika ɗan lantarki ta bakin allura, in tsoka ta harba a san an iso. Tun daga 1994, sa'ad da likitocin Biyana suka bayyana yin aikin da na'urar sikanin, irin wadda ake duba masu ciki da ita, al'amarin ya sake. Alal misali mutumin da babur ya kayar ya karye a tsintsiyar hannu: likita zai kwantar da shi ya juyar da fuskarsa gefe, ya shafa man sikanin a saman ƙashin wuya, ya ɗora kan na'urar, sai ga jijiyar jini tana bugawa a allo, ga jijiyoyin hannu a gefenta sun taru curi guda, ga haƙarƙari da fatar huhu a ƙasa, waɗanda tilas a kauce musu. Yana kallon bakin allura tana tafiya, ya ja sirinji baya ya tabbatar babu jini, ya zuba kaɗan ya dakata, ya ƙara, har ruwan maganin ya kewaye jijiyoyin. Cikin kamar minti 20 hannun ya yi nauyi, mai shi ya kasa ɗaga shi.

A ganina fa'idar abin ta fi bayyana bayan an fito daga ɗakin tiyata. Bufibakein da danginsa kan riƙe gaɓa rabin yini ko fiye, in an bar siririn bututu a gefen jijiya ana ɗura magani kuwa a yi kwanaki, saboda haka buƙatar mofin da makamantansa ta ragu, tare da tashin zuciya da taurin ciki da danne numfashi da suke jawowa. Tsohuwar da ta karye a ƙugu, wadda mofin ke iya rikita mata hankali, allura guda a matsematsi kan ba ta sauƙi. Al'ummar da ta ga abin da taramol da kodin suka yi wa samarinta, har gwamnatin Nijeriya ta hana maganin tari mai kodin a 2018, ba ta buƙatar dogon bayani kan darajar duk abin da zai rage dogaro da irin waɗannan ƙwayoyi. Ga shi kuma lidokein da bufibakein suna da araha, suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, abin da ke ƙaranci shi ne ƙwararren hannu da na'ura.

Amma fa ba a rasa hatsari. In maganin ya kuɓuce cikin jini da yawa, majinyaci kan ji leɓunansa sun sage, kunnuwa na ƙugi, bakinsa na ɗanɗanon ƙarfe, daga nan sai farfaɗiya, har zuciya ta tsaya, shi ya sa ƙa'ida ce a ajiye ruwan kitse na musamman da ake ɗurawa ta jijiyar jini domin ya janye dafin. Allurar da ake yi a wuya domin aikin kafaɗa kan sagar da jijiyar da ke motsa tantanin numfashi na ɓangaren, don haka ba ta dace da mai raunin huhu ba. Raunin jijiya mai ɗorewa yana aukuwa, amma nadiran ne.

Abin da aka fi sakaci da shi kuwa shi ne gaya wa majinyaci yadda maganin zai sake shi. Wanda aka yi wa aiki da hantsi ya koma gida yana murna, sai tsakar dare jijiya ta farka, raɗaɗin ya auko masa gaba ɗaya, shi da masu jinyarsa su zaci aikin ne ya ɓaci. Wajibi ne a sanar da shi tun da rana cewa ya sha maganin da aka rubuta masa da zarar ya fara jin tsikari a yatsu, kada ya jira ciwo ya kama, ya rataye hannun da ya sage, ya nisanta shi da murhu da ruwan zafi, in kuwa ƙafa ce kada ya taka ta sai da mai riƙe shi.