Hayaƙin Da Ke Gangarowa Ƙasa Da Zomon Da Ke Cikin Wata

Kowa ya san hayaƙi sama yake yi. Shi ya sa duk wanda ya fara ganin kaskon turaren nan na ƙasar Sin sai ya tsaya ya ƙura ido. Ana ɗora ɗan ƙullin turare mai tsini a ƙololuwar wani ɗan tsauni na tangaran, a kunna masa wuta. Bayan minti ɗaya ko biyu sai ga farin hayaƙi yana silalowa ƙasa, yana bin matakala ɗaya bayan ɗaya, har ya taru a gindin tsaunin ya kwanta kamar ruwa a tafki. A gefe kuwa sau da yawa akan ga farin zomo a zaune, ko ya jingina da jinjirin wata.

Babu siddabaru a ciki. Asirin yana jikin ƙullin turaren. An huda shi daga gindi, ramin ya haura har kusa da tsini amma bai ɓulle ba. Idan wuta ta ci tsinin ta kai ga ramin, wani kaso na hayaƙin sai ya bi ta ciki maimakon ya fita fili. Hayaƙi dai iska ce ɗauke da ɓurɓushin toka da ƙananan ɗigon mai, kuma zafi ne ke ɗaga shi, domin iska mai zafi ba ta kai mai sanyi nauyi ba. A cikin ramin nan hayaƙin yana hucewa a cunkushe, bai gauraya da iskar ɗaki ba. Da ya huce sai ya fi iskar da ke kewaye da shi nauyi, ya faɗo ta ƙofar da aka yi wa kaskon daidai saitin ramin. Aikin magini kawai shi ne ya shata masa hanya. Wannan ne dalilin da ya sa idan fanka na juyawa, ko taga na buɗe, sai abin ya watse. Haka ma idan an sa ƙullin da ba a huda ba.

Yaɗuwar wannan kasko a kasuwannin duniya ta kwanan nan ce, amma sha'awar mayar da hayaƙi abin kallo ta daɗe a Sin. A zamanin daular Han an riƙa ƙera kaskon tagulla mai murfi da siffar tsauni, ana kiransa boshanlu, an yi masa ƙananan ƙofofi a ɓoye tsakanin duwatsun don hayaƙi ya fito tamkar hazo. Mafi shahara shi ne wanda aka tono a 1968 a Mancheng ta lardin Hebei, cikin kabarin yarima Liu Sheng da ya mutu shekara 113 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). An yi wa jikinsa ado da zinare. Tsaunin yana nan har yau a kaskon zamani, hayaƙin ne aka juya wa alƙibla.

To, me ya kawo zomo?

Amsar tana fuskar wata. Baƙin tabon da ake gani a daren sha huɗu faffaɗan filaye ne na baƙin dutse, wanda ya kwararo a narke fiye da shekara biliyan 3 da suka wuce, ya cika manyan ramuka ya daskare. Da yake wata yana juyi ɗaya a kan kansa cikin lokacin da yake kewaya duniya sau ɗaya, kimanin kwana 27, fuska guda yake nuna wa mutane kullum. Al'ummu da dama da suka ɗaga kai suka dubi tabon, zomo suka gani, da dogayen kunnuwansa biyu.

Sinawa sun gan shi tun da daɗewa. A 1972 an buɗe kabarin wata basarakiya a Mawangdui, cikin birnin Changsha, aka sami ƙyallen siliki shimfiɗe a kan akwatin gawarta, wanda aka zana a ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A kusurwarsa ta sama akwai jinjirin wata, da kwaɗo da zomo. A tatsuniyarsu, wata mace mai suna Chang'e ta sha maganin hana mutuwa, jikinta ya yi sakayau ta tashi zuwa wata, inda ba ta da abokin zama sai zomo mai suna Yutu, wanda ke riƙe da taɓarya yana dakan maganin a turmi. Da labarin ya ƙetara zuwa Japan da Koriya, turmin bai canza ba, abin dakan ne ya koma shinkafa. Ranar 15 ga wata na 8 a kalandar Sinawa, iyalai kan taru su kalli wata su ci wainar bikin, a Beijin kuma a saya wa yara zomon yumɓu sanye da kayan jarumai, wanda suke kira Tu'er Ye. Ko masana kimiyyarsu ba su yar da shi ba: motar binciken da Sin ta sauke a kan wata a Disambar 2013 Yutu aka raɗa mata, ƙanwarta Yutu-2 kuma ta sauka a bayan wata a Janairun 2019, ɓangaren da ba a taɓa sauke na'ura lafiya ba kafin nan.

A Indiya labarin na sadaukarwa ne. Littattafan mabiya addinin Buddha sun kawo ƙissar zomon da baƙo ya roƙa abinci, ya duba ba shi da komai sai ciyawa, sai ya faɗa wuta don baƙon ya ci namansa. Ashe baƙon abin bautarsu Sakka ne ya ɓad da kama. Wutar ba ta ƙona zomon ba, kuma Sakka ya zana surarsa a jikin wata don a riƙa tunawa. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne Meksiko. Mutanen Aztek, waɗanda teku ya raba su da Asiya, su ma sun ce da farko wata ya yi haske daidai da rana, sai wani abin bautarsu ya jefa masa zomo a fuska ya dusashe shi.

Zomon bikin Ista na Turawa kuwa asalinsa daban ne, ko da yake masu talla na son haɗa su a tukunya ɗaya. Shi zomon ƙasa ne, ba na sama ba. Idan sanyin Turai ya fara janyewa a watan Maris, manoma kan ga zomayen daji suna tsalle suna dambe a gonaki, galibi mace ce ke korar namijin da ya matsa mata. Dabba ce mai yawan haihuwa, har macen kan ɗauki sabon ciki kafin ta haife wanda take ɗauke da shi. Ba mamaki ta zama alamar yabanya da sabuwar rayuwa. Rubutun farko da aka sani kan zomon da ke kawo wa yara ƙwai na wani likita Bajamushe ne, Georg Franck von Franckenau, a 1682, sannan Jamusawan da suka yi ƙaura zuwa Pennsylvania a ƙarni na 18 suka kai al'adar Amurka.

Ana yawan cewa zomon dabbar wata tsohuwar abar bauta ce mai suna Eostre. Wannan magana ba ta da tushe mai ƙwari. Malamin cocin nan na Ingila, Bede, wanda ya ambaci Eostre a ƙarni na 8, bai haɗa ta da zomo ba ko kaɗan. Alaƙar gaske tsakanin Ista da wata ta lissafi ce: ana bikin ranar Lahadin da ta biyo bayan cikar wata ta farko daga 21 ga Maris.

Idan aka koma ga kaskon, wanda ya tashi a gidan da ake zuba turaren wuta na Barno a kan garwashi zai lura da wani abu nan take: wannan kasko don ido aka yi shi, hanci bai ci riba sosai ba. Ƙullin mai araha yakan yi ƙauri, kuma hayaƙin da ya huce yana barin jan maiƙo mai danƙo a kan matakalar, wanda sai an wanke da sabulu. Maiƙon nan ya cancanci a yi tunani a kansa, domin irinsa ne ke yawo a iskar ɗakin. Hayaƙin turare kowane iri yana ɗauke da ƙananan ɓurɓushi masu shiga can cikin huhu, ga shi kuma wannan kasko ba ya nuna kyansa sai an rufe taga an kashe fanka. Duk wanda ya saya, ya kunna ƙulli ɗaya ya sha kallo, sannan ya buɗe tagogi iska ta ratsa. Kada a kunna shi a ɗakin da jariri ke barci, ko kusa da mai ciwon asma.