Birin da ya ƙi cin gara

A dajin Kwano, cikin Gandun Daji na Gashaka Gumti, akwai suri, akwai kuma biri mai ganga, babban birin nan marar wutsiya da Turawa ke kira cimfanzi. A wasu dazuzzukan Afirka, duk inda waɗannan biyu suka haɗu to kalaci ya samu. A 1960 ne Jane Goodall ta ga wani biri mai ganga a Gombe ta ƙasar Tanzaniya, ba tamu ta nan gida ba, ya zura kara a ramin suri, ya zaro shi cike da gara, ya lashe. Wannan ganin ya girgiza masana, domin kafin nan ana ɗauka ɗan Adam kaɗai ke ƙera kayan aiki. Amma birin Gashaka sai ya bi ta gefen suri ya wuce, ko kallo bai ishe shi ba.

Mutumin da ya fi kowa bin diddigin wannan lamari shi ne Farfesa Volker Sommer, Bajamushe da ya koyar da ilimin asalin ɗan Adam a wata jami'ar Landan. A 2000 ya kafa shirin binciken birai na Gashaka, da sansani a Kwano, da tallafin gidan namun daji na Chester a Ingila. Gandun ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, shi ne mafi girma a Nijeriya, kuma a can ne dutsen Chappal Waddi yake, mai tsayin mita 2,419. Biri mai gangan da ke cikinsa ma jinsi ne na daban, wanda ba a samu sai a Nijeriya da Kamaru, kuma sai a 1997 binciken ƙwayoyin gado ya nuna bambancinsa da sauran. Ƙiyasin da ake yi shi ne waɗanda suka rage a duniya ba su wuce 3,500 zuwa 9,000 ba.

Wanda ya saba ganin masu bincike a talabijin zaune kusa da birai suna rubutu, zai yi mamakin yadda aikin Gashaka yake. Birai masu ganga na can ba su saba da mutum ba. Da sun ji motsi sai su ɓace, abin da ya rage sai ihunsu daga nesa da ƙarar saiwar itacen da suke duka da hannu da ƙafa. Don haka Sommer da ɗalibansa, da mataimaka 'yan yankin da suka san dajin ciki da bai, suka koma bin abin da biran suka bari. Kowane dare biri mai ganga yakan lanƙwasa rassa ya yi wa kansa sabon makwanci a kan itace, da safe ya yi kashi ya tafi. Masu bincike sai su kwashi kashin, su wanke shi a rariya, su duba abin da ya saura: ƙwallon 'ya'yan itace, zaren ganye, kawunan ƙwari. Aiki ne marar daɗin faɗi, amma kashi ba ya ɓoye abin da aka ci jiya.

Abin da rariyar ta nuna shi ne kwarkwasa. A sakamakon da suka buga a 2007, an sami ragowar kwarkwasa a kashi 42 cikin ɗari na samfuran da aka duba, adadin da ya zarce na sauran wuraren da aka yi irin wannan nazari a lokacin. Gara kuwa ko ɗaya ba a gani ba. Duk wanda kwarkwasa ta taɓa shiga wa riga ya san wannan zaɓi ba na rago ba ne. A bakin gidajen kwarkwasar an riƙa tsintar dogayen sanduna da aka zage wa ganye aka yar. A inda aka ga yadda ake amfani da irinsu ido da ido, kamar Gombe, birin yakan tsoma sandar, kwarkwasa ta hau ta da fushi, sai ya shafo ta da hannu ɗaya ya watsa a baki, ya tauna da sauri kafin ta cije shi. Tsawon sandar shi ne tazarar da ke tsakaninsa da cizo. An kuma tsinci wasu sanduna masu ƙarfi da aka haƙa ƙasa da su don isa ga zuman galla, da wasu masu tattaunannen baki da ake dangwalo zuman da su. Umaru Buba, ɗan Nijeriya da ya daɗe yana aiki da shirin, yana cikin waɗanda suka yi nazarin irin itatuwan da biran ke zaɓa su yi waɗannan sanduna.

To birin da ya iya wannan dabara duka, me ya hana shi zura kara a suri? Rashin basira dai ba shi ba ne. Wasu masana suna ganin dalilin yana ga ƙasar: taurin surin, ko irin garar da ke wurin, ko kuma kwarkwasa ta wadatar. Sommer ya fi karkata ga cewa abin gado ne na tarbiyya. Ɗan biri yakan shafe shekaru manne da uwarsa, yana cin abin da ta ci, yana ƙin abin da ta ƙi. In uwa ba ta taɓa suri ba, ɗa ma ba zai taɓa ba, haka abin zai yi ta tafiya. Wannan ya dace da babban nazarin da Andrew Whiten da abokansa suka buga a 1999, inda suka tara bayanan wurare 7 suka sami ɗabi'u 39 da ake yi a wani gari na birai, ba a yi a wani. Ni ma na fi gamsuwa da wannan bayani, ko da yake hujjarsa ta kaikaice ce: tabbatar da dalilin da ya sa dabba ba ta yin abu ya fi wuya a kan bayyana abin da take yi.

Birai masu ganga su ne suka jawo wa shirin suna, amma a ganina labarin bika, wanda wasu ke kira gwaggon biri, shi ya fi kusa da rayuwar mutane. Bika yana sabawa da mutum, don haka an iya bin garke biyu kullum, ana gane kowa da kamanninsa. Garke ɗaya yana Kwano, abincinsa na daji zalla. Ɗayan yana Gamgam, kusa da gonakin ƙauyen Gashaka, yana ɗiban masara da rogo. Masu bincike Ymke Warren da James Higham da Caroline Ross suka kwatanta su. Masu shiga gona sun fi hutawa, domin cikinsu na cika da wuri. Matansu sun fi saurin sake haihuwa, 'ya'yansu kuma sun fi rayuwa. A Kwano, inda ruwan sama ke zuba da yawa, kusan rabin jariran sun mutu a shekarun da aka yi nazarin. Wato abin da manomi ke kira ɓarna, a wajen bika ciniki ne mai riba, ko da za a jefe shi da dutse a bi shi da karnuka. Shi ya sa kora kaɗai ba ta raba shi da gona.

Cikin wannan aikin ne aka ci karo da batun ɗinya. Macen bika idan ta kai lokacin ɗaukar ciki, bayanta yakan kumbura ya yi ja, da haka maza ke ganewa su bi ta. Higham ya lura cewa daga Agusta zuwa Oktoba kumburin yakan ɗauke a garkunan biyu. Da aka auna kashin matan, sai aka ga sinadarin da ke hauhawa a jikin mai ciki ya yi sama ƙwarai, alhali ba su da ciki. Watannin nan kuwa su ne lokacin nunar ɗinya, kuma biran suna cin ta sosai. A garken da ke cin ɗinkin ɗinya, wato ɗanyen tohonta, an sake ganin hauhawar a farkon shekara. Rahoton ya fito a 2007, ya nuna cewa ɗinya tana yi wa macen bika aiki irin na maganin tazarar haihuwa, ta kuma sa maza su daina kula ta. A kan bika aka yi binciken, mai cin ɗinya a kan itace, don haka kada wani ya ɗauke shi fatawa a kan ɗinyar da ake sayarwa a faranti.

Akwai kuma biri mai farin hanci a dajin na Gashaka. Namijin garke yana da kira biyu, ɗaya kamar "piyau", ɗaya kamar "hak", kuma na biyun ya fi fitowa idan gaggafa ta bayyana. Kate Arnold da Klaus Zuberbühler sun riƙa kunna wa biran gurnanin damisa ta lasifika suna naɗar amsa. Suka gano cewa idan namijin ya jera "piyau" kaɗan ya biyo da "hak", garken yakan tashi ya yi gaba. Mujallar Nature ta buga wannan a 2006, masu nazarin asalin harshe kuma suka yi ta muhawara a kansa.

An tattara yawancin waɗannan ayyuka a wani babban littafi kan biran Gashaka da Sommer da Ross suka shirya a 2011, da Turanci, kuma da tsadar da ɗalibin Jalingo ko Yola ba zai iya ba. Wannan abin takaici ne, domin manomin da ke kwana a bukkar gadi saboda bika shi ya fi kowa bukatar jin abin da aka gano a Gamgam. Dajin kansa yana fama da mafarauta, da masu saran madobiya, da masu haƙar ma'adinai, da shanun da ke kutsawa neman ciyawa. Tun 2017 hukumar gandun daji ta ƙasa take aiki da wata gidauniya mai zaman kanta wajen ɗaukar ma'aikatan sintiri daga ƙauyukan yankin da horar da su, kuma daga Serti, inda hedikwatar gandun take, ake tsara fitarsu.