Takardar sefa 6,000 da ta raka ƙanwata ɗakin haihuwa

Ranar da naƙuda ta kama ƙanwata a Garwa, likita ya ce sai tiyata. Gabana ya faɗi, don aljihuna fayau yake. Sai wata nas ta tambaye ni: "Malam, tana da Chèque Santé?" Ashe tun awon farko ta sayi takardar sefa 6,000. Aka yi aikin, ba a nemi ko dala ba.

Shirin ya fara ne a 2015 a jihohin Adamawa, Arewa da Arewa Mai Nisa, da haɗin gwiwar gwamnatin Kamaru, Faransa da Jamus. Takardar na ɗaukar nauyin awo, hoton ciki, haihuwa, tiyata, da kulawa har kwana 42 bayan sauka.

Asibiti ba ya shiga shirin sai an tantance shi, ba a kuma biyan sa sai an binciki rajista an tabbatar an yi aikin. Ka ga ke nan sakaci asara ce gare shi.

Sai dai har yau mata da yawa a ƙauyukanmu a gida suke haihuwa. Magidanta, mu ke ba da izini da kuɗin mota. Mu tura su awo da wuri.